Ƙuri'a Goma Sha Ɗaya a Falon Kyauta

Litinin, 11 ga Fabrairu 2013, bayan la'asar

Lado ne ya kawo mini labarin, shi da rediyon wayarsa da ba ya rabuwa da ita. Ina duba tayoyin da aka sauke daga Dammam, ya leƙo ta ƙofar sito ya ce wai Paparoma ya ajiye aiki. Na ce ƙarya ne, Paparoma ba ya ajiye aiki, mutuwa yake yi a kai. Sai na ga yana kallona, na tuna inda nake. Na ce haka na taɓa karantawa.

"Kai dai Malam Inuwa ba abin da ba ka taɓa karantawa ba, ga ka kuma a cikin taya," in ji shi.

Shekara tara muna aiki tare a wannan sito na unguwar Sulay, shi yana tuƙa motar ɗaukar kaya, ni ina riƙe da takardu. A wurinsa ni Malam Inuwa ne mutumin Kafur, shi ke nan. Bai san na yi shekara bakwai a seminari, makarantar horar da limaman coci, ba. Bai san saura shekara ɗaya a naɗa ni Fada na fito ba. Wannan kuma ba maganar yau ba ce.

Ashe ana iya ajiyewa.

Laraba, 13 ga Fabrairu, da safe

Larabar Toka, ranar da ake shafa mana toka a goshi a fara azumi. Babu toka. Na shafa yatsa a goshi a banɗaki, na fito aiki.

Juma'a, 15 ga Fabrairu, da yamma

Mun taru a falon Kyauta a unguwar Al-Shifa kamar kowace Juma'a, mu goma sha biyu. Kyauta nas ce, ita da mijinta suke da gida mai falo, sauranmu 'yan ɗaki ne. Ana shigowa bibbiyu, kowa da ledar cefane a hannu don mai gadin bene ya ɗauka cin abinci ne. Ba a waƙa. A ƙasar nan babu coci, wannan falon shi ne namu tun shekara goma sha huɗu.

Fada yana zuwa sau biyu a shekara ta hanyar da ba zan rubuta ba, ya yi Misa, ya bar mana gurasar da ya tsarkake. Tana cikin ɗan akwatin tagulla, akwatin kuma yana cikin gwangwanin shayi. Wanda ke riƙe da gwangwanin shi ke jan addu'a, shi ke raba Jikin Almasihu. Tun farko Baba Maiwada ne. Ni ke zaɓa masa karatu, ni ke rubuta masa abin da zai faɗa bayan karatun. Bai taɓa gaya wa kowa haka ba, ni ma ban taɓa faɗa ba.

Yau bayan addu'a ya ce asibitin da yake aiki ba za su sabunta masa kwantiragi ba, an buga masa huruj, hatimin barin ƙasa, kafin Ista zai koma gida ke nan. Sai mu nemi wanda zai karɓi gwangwanin.

 Kyauta ta ce, "Baba, kun haɗa baki da na Roma ne?" Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Mijinta ya ce to tun da haka ne mu ma mu yi irin nasu, mu rufe ƙofa mu jefa ƙuri'a. Da wasa ya faɗa, amma Talle ya riƙe maganar, ya ce ai ga Yaya nan, ya san dokar har da Latin. Kowa ya juyo yana kallona.

Talle ƙanena ne na gari, gidansu na kallon namu. Ni na koya masa rubutu a ƙarƙashin darbejiyar coci, ni ne uban baftismar ɗiyarsa ta fari. Yanzu direba ne a wani kamfani a unguwar Ulaya.

A kan matakala Baba Maiwada ya dafa kafaɗata ya ce in tsara musu, ni na san komai. Na gane abin da yake nufi. Ko dai na ɗauka na gane.

Talata, 19 ga Fabrairu, lokacin hutun rana

Kwana uku ina rubuta dokokin a bayan takardar fitar da kaya. Rabon da in ji kaina yana aiki haka har na manta. Na bi na Roma yadda na tuna su, na rage musu tsawo.

Wanda ya sauka ba ya jefa ƙuri'a, don haka mu goma sha ɗaya ne. Sai mutum ya sami kashi biyu cikin uku, wato takwas. Ba wanda zai nemi a zaɓe shi, ba wanda zai zaɓi kansa. Kowa ya sauya hannun rubutunsa. A ƙone takardu bayan kowane zagaye. A rantse ba za a fitar da maganar waje ba.

Sai wadda na fi alfahari da ita. A Roma kafin a kulle kadinal-kadinal, manyan limaman da ke zaɓen Paparoma, sukan yi kwanaki suna zama, kowa ya tashi ya faɗi abin da ikilisiya ke bukata. Na sa mu ma mu yi zama ɗaya irin wannan, na ƙara da nawa: a wannan zaman ba a ambaton sunan kowa, kuma ba wanda zai yi magana a kan kansa, ko don yabo ko don kariya. Na sa ta ne don kada a ce Inuwa ya tashi ya karanto shekarunsa na seminari.

Ba kujerar ta dame ni ba. Ba ma kujera ba ce, gwangwani ne.

Alhamis, 28 ga Fabrairu, da hantsi

Yau na Roma zai sauka. Hutu ne, na wanke kaya, na goge farar rigata duk da ba ranar sa ta ba ce.

Juma'a, 1 ga Maris, bayan magariba

Na karanta dokokin, aka karɓa ba gyara. Kowa ya ɗora hannu a kan gwangwanin ya rantse. Na san wannan rubutun da nake yi ma karya rantsuwar ne, amma takarda ba waje ba ce.

Talle ya mai da ni Sulay a motar kamfaninsu. A hanya ya ce wahalar banza kawai za a sha, wa kuma in ba Yaya ba. Na tsawata masa, na ce bai ji abin da ya rantse a kai ɗazu ba? Ya yi dariya ya ba ni haƙuri. Ya tsaya ya sayo mana burodin tamis mai zafi da wake, muka ci a cikin mota muna hirar gida, har da tsohon katekis ɗinmu, malamin cocin garinmu, da ke barci a tsakiyar wa'azinsa.

Na yi nishaɗi yau. Ina rubuta shi don in tuna an yi.

Talata, 5 ga Maris, da la'asar

Na kira Baba Maiwada in tambaye shi karatun Juma'a. Ya ce in zaɓa kawai. Na ji muryar Talle a bayansa, da ƙarar cokali a kofi. Ranar Talata, ana tsakar aiki. Wataƙila kaya yake taya shi ɗaurewa.

Juma'a, 8 ga Maris

Ba zan rubuta komai yau ba.

Asabar, 9 ga Maris, kafin a buɗe sito

Zaman share fage aka yi jiya. Kyauta ta ce muna bukatar wanda zai riƙa leƙa marasa lafiya. Wani ya ce a rage tsawon addu'a saboda masu komawa aikin yamma. Ni na yi magana a kan kiyaye tsari, minti huɗu, na duba agogo.

Sai Talle ya tashi. Bai kalle ni ba. Ya ce shi ba mai ilimi ba ne, direba ne, abin da ya sani hanya ce, kuma kwanan nan ana yawan tsayar da motoci ana duba takardu.

"Wanda zai riƙa yawo da gwangwanin nan, in aka tsayar da shi, katinsa ya ce Kirista, iyaka a sa shi a jirgi. In katinsa ya ce wani abu dabam, ba maganar jirgi ba ce kuma, kuma ba shi kaɗai za ta shafa ba. Ban ambaci kowa ba."

Ya ciro igamarsa, katin zaman ƙasa, ya ajiye a kan tebur. Mijin Kyauta ya ciro tasa. Haka aka bi layi, kati yana sauka kusa da kati, har goma. Babu wanda ya yi mamaki, wannan na lura da shi. Babu wanda ya laluba aljihu kamar wanda aka shammata.

Na ajiye tawa. Ba wanda ya ɗauka. Kyauta tana karanta Larabci, daga inda take zaune ta karanta layin addini, ta sunkuyar da kai.

Shekara goma sha bakwai da suka wuce, ejan a Kano ya ga suna Inuwa Garba, ya ga Kafur, bai tambaye ni ba ya cike gurbin addini, ya rubuta Musulmi. Na gani. Ina da 'ya'ya uku a makaranta a lokacin, na yi shiru. Da aka ba ni ɗan littafin igama na wancan zamani, kore ne, na sauran ruwan ƙasa. Na saya masa baƙar riga ta roba. Mutum ɗaya ne a falon nan ya taɓa riƙe katina a hannunsa, ranar da zazzaɓi ya kayar da ni shekara shida da suka wuce, ya kai ni asibiti ya cike mini takarda. Da na warke Talle ya ce, Yaya, wannan maganar kabarina za ta bi ni.

Wata daga cikin matan ta ce a hankali, "To in an rufe sito an kira salla fa, Malam?"

Na buɗe baki. Mijin Kyauta ya ɗaga takardar dokokin, da rubutun hannuna, ya ce ba a fuskantar kowa da tambaya, kuma ba wanda zai yi magana a kan kansa. Gaskiyarsa. Na rufe bakina.

Baba Maiwada yana gefe yana jan carbi, idonsa a rufe.

Lahadi, 10 ga Maris, da azahar

An rufe sito don salla. An buɗe sito.

Talata, 12 ga Maris, da yamma

Yau aka kulle su a Roma, mutum ɗari da goma sha biyar. Lado ya ce in bayyana masa maganar hayaƙin nan. Na ce in baƙi ya fito ba a daidaita ba, in fari ne an samu. Ya ce to me suke yi a ciki, addu'a ko lissafi? Na ce ana gama lissafin ne tun kafin a shiga, a wajen shan shayi, addu'ar kuma ta biyo baya.

Ya ce ashe duk ɗaya ne da zaɓen shugaban direbobi a tashar Gaya.

Talle ya kira sau biyu. Ban ɗauka ba.

Alhamis, 14 ga Maris, da safe

Jiya bayan isha farin hayaƙi ya fito. Wani ne daga Kudancin Amirka. Duk sunayen da gidajen rediyo suka yi wata guda suna jerawa, ba ko ɗaya da ya fito. Lado ya ji haushi, ya ce shi da ya so a ba baƙar fata, ko banza a yi alfahari.

Na yi tunanin kada in je gobe. Amma ni ne mai karanta ƙuri'a, haka na rubuta. Kuma har yanzu, Allah ya gafarta mini, ina lissafi. Kyauta, da na zauna da ita kwana biyu lokacin rasuwar mahaifiyarta. Yaran Zuru guda biyu da nake rubuta wa takardun ofis. Na ce ko ba a kai takwas ba, a daɗe ana yi, su gaji, su tuna wa ya san aikin.

Juma'a, 15 ga Maris, bayan la'asar

Baba Maiwada ya ajiye gwangwanin a kan tebur ya koma kicin, kamar yadda doka ta ce. Aka kulle ƙofa. Kwanon sha aka rufe da faranti, kowa ya ɗora takardarsa a farantin ya zube ta ciki. Kyauta ta kunna gawayi a kaskon turare, duk zagaye in an ƙona takardu sai ta barbaɗa turaren wuta a kai don kada maƙwabta su ji ƙaurin takarda.

Zagaye na farko: Talle biyar, ni huɗu, mijin Kyauta biyu.

Na biyu: Talle bakwai, ni uku, mijin Kyauta ɗaya.

Ni ke buɗe kowace takarda in karanta da ƙarfi. An sauya hannu kamar yadda na ce, amma ni na rubuta wa rabinsu wasiƙa, na san yadda kowa ke riƙe biro. Na ga lokacin da Kyauta ta bar ni. A zagaye na biyu ne.

Na uku: Talle goma, ni ɗaya.

Ɗayar nan, harafin w na sunana an yi shi da ƙafa uku a karkace, yadda na yi wata biyu ina dukan hannun wani yaro a kai a ƙarƙashin darbejiyar coci bai daina ba. Mu goma sha ɗaya ne, kuma ba a zaɓen kai. Lissafin ba wuya. Ba zan rubuta shi ba.

Doka ta ce babba a cikin masu zaɓe shi ke tambaya. Na tashi na tsaya a gabansa na ce, "Ka karɓa?"

Ya ce, "Na karɓa, Yaya."

Aka kira Baba Maiwada daga kicin. Bai tambayi wa aka zaɓa ba, kai tsaye ya nufi Talle da gwangwanin.

Asabar, 16 ga Maris

Har yanzu rigata tana ƙanshin turaren.

Litinin, 18 ga Maris, lokacin hutun rana

Kyauta ta kira. Ta daɗe tana gaisuwa, ta tambayi ƙafata, ta tambayi yara. Sannan ta ce an yi shawara, don lafiyar kowa, har da tawa, wai in ɗan dakata da zuwa Al-Shifa zuwa wani lokaci. Za a riƙa kawo mini Jikin Almasihu har inda nake. Na ce yaushe aka yi shawarar, tun da ba a taru ba tun Juma'a? Ta ce, Malam, don Allah kada ka sa ni kuka a wurin aiki.

Shekara goma sha huɗu ina hawa benen nan da wannan katin a aljihu, ba abin da ya sami kowa.

Gwangwanin ban damu da shi ba, na faɗa tun farko. Amma falon.

Laraba, 20 ga Maris, da yamma

Jirgin Baba Maiwada ya tashi da rana. A bakin ɗaya daga cikin yaran Zuru na ji. An yi masa liyafa jiya.

Alhamis, 21 ga Maris, bayan azahar

Talle ya zo. Bai hau ɗakina ba, ya tsaya a bayan shagon masu walda ya kira ni. Na sauko na shiga motar. Bai kashe injin ba. Akwatin tagullar yana aljihun rigarsa, ina ganin shatinsa.

Mun gaisa kamar mutanen kirki. Na ce tambaya ɗaya gare ni, tun yaushe?

Ya daɗe yana murza sitiyari. Ya ce ba shi ya fara ba. Baba Maiwada ne ya kira shi tun watan Janairu, tun kafin ya sanar da tafiyarsa, ya ce ya daɗe yana zargin wani abu game da takarduna, ya sa shi ya rantse ya faɗi gaskiya. Da ya faɗa, Baba ya ce ba zai iya barin gwangwanin a hannuna ba, kuma ba zai iya kallon idona ya gaya mini ba. Ya ce a bar Inuwa ya tsara zaɓen da kansa, mutum ne mai bin doka, duk abin da ya rubuta ba zai tsallake shi ba.

Na ce ya san ni.

"Yaya, da kai ne a wurina, da me za ka yi? Mutum goma da iyalansu."

"Da na hau benen Sulay na ƙwanƙwasa ƙofa. Hawa biyu ne."

 Ya sa hannu a aljihu ya ce ko zan karɓi Jikin Almasihu. Na ce ba a karɓa da abin da ke cikin zuciyata yanzu, sai an furta zunubi a gaban Fada, Fada kuma sai watan Yuni. Ya ce shi bai san haka dokar take ba. Na ce na san bai sani ba.

Na kama murfin mota zan fita, ya riƙe hannun rigata. Ya ce Juma'a mai zuwa ta sama ita ce ta mutuwar Ubangiji, kuma ba wanda ya san yadda ake tsara ta. Baba bai bar musu komai a rubuce ba. Sun bincika jakar da ya bari, duk takardun da ke ciki da hannuna aka rubuta su, tsarin Juma'ar na bara kuma babu. Ya ce sai a lokacin suka gane.

Na ce ya sakar mini riga.

Lahadi, 24 ga Maris, da safe

Ba zan rubuta musu ba. Su tambayi Roma.

Talata, 26 ga Maris, bayan an tashi aiki

Na rubuta. Shafi shida, ba kuskure ko ɗaya, har da inda za a durƙusa da inda za a yi shiru da tsawon shirun.

Karatun shan wahalar Ubangiji raba shi ake yi, kowa da muryar da zai ɗauka. Na ba mijin Kyauta mai ba da labari, yana da murya. Na ba matan taron jama'a. Maganar Almasihu ta mai jan addu'a ce, haka tsarin yake, ba ni na yi shi ba. Na rubuta sunan Talle a gefen kowane layi, sau goma sha wani abu.

Saura muryar manzon nan da ya tsaya yana jin ɗumin wuta a tsakar gida, aka tambaye shi ko yana tare da Almasihu, ya ce a'a. Layi biyu ne kacal. Duk shekara ni nake karanta su, ba wanda ya taɓa tambayar dalili.

Na bar gurbin ba suna. Na sa takardun a ambulan ɗin kamfani, na ba mai shagon walda, na ce wani direba zai zo ya karɓa.